Sabo Bakin Zuwo, Gwamnan Wata Uku da Muka Mayar Abin Dariya

Duk wanda ya halarci daren bayyana manufa na zaɓen ƙungiyarmu da ya wuce zai tuna abin da ya faru da ɗaya daga cikin 'yan takara. Ba sai na kama suna ba, kun san shi. Bawan Allah ya hau dandamali da takardarsa a hannu, ya fara zuba Turanci, sai harshe ya harɗe, ya saki wata kalma da babu ita a kowane ƙamus. Kafin ya gyara, wani daga can baya ya ɗaga murya ya kira shi Sabo Bakin Zuwo. Zaure ya kece da dariya. Ni ma na yi, har da riƙe ciki. Daga nan babu wanda ya ƙara sauraron abin da yake faɗa, alhali maganar ruwan famfo a ɗakunan kwana yake yi, abin da ya dame mu gaba ɗaya.

Bayan mako biyu na je gida neman takardar haihuwata, don cike wani fom na masu shirin fita. Umma ta zazzage jakar takardu a kan tabarma, sai ga wani tsohon kati ya faɗo, duk ya yi ja don daɗewa. Na ɗauka na duba. Katin asibitin da aka haife ni ne, asibitin haihuwa na Sabo Bakin Zuwo da ke Jakara. Shekarata 22 a duniya, ban taɓa sanin cewa kukana na farko a ginin da ke ɗauke da sunan mutumin nan na yi shi ba. Wallahi sai na ji kunya ta kama ni.

Iyakar abin da na sani game da shi a lokacin shi ne labarin lemon kwalba. Wai wani ɗan jarida ne ya tambaye shi irin ma'adinan da Allah ya hore wa Jihar Kano, shi kuma ya shiga lissafa masa su Fanta da Mirinda da Coca-Cola, saboda kalmar minaral da Bature ke nufin ma'adinai da ita, ita ce mutanenmu ke kiran lemo da ita. Daga Legas har Maiduguri ana ba da wannan labari, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. To amma ta yaya mutumin da ba a san shi da komai ba sai wannan ya kayar da Abubakar Rimi a zaɓen gwamna? Wannan tambaya ce ta kai ni laburare, ta kuma kai ni gidanmu na cikin gari wajen mutum biyu: kakata da muke kira Iya, da ƙanin marigayi kakana da muke kira Baba Ƙarami. Abin da na samo ne zan ba ku.

Ɗan makarantar Malam

An haifi Aliyu Sabo a 1934 a birnin Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Bakin Zuwo sunan unguwa ne a cikin badala, shi ne ya bi shi har ya zama kamar sunan yanka. Ya tashi a lokacin mulkin En'e, lokacin da talaka ke biyan haraji a kan kansa, Bafillatani ke biyan jangali a kan shanunsa, kuma ganin ɗan doka a ƙofar gida ya isa ya hana mutum barci. Yana matashi aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ranar 8 ga Agusta, 1950, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Shiga NEPU a wancan zamani ba wasa ba ne. An ɗaure 'ya'yanta, an yi musu bulala, wasu an raba su da gonakinsu da sana'o'insu. Cikin wannan siyasa Sabo ya girma.

Bai yi zurfi a karatun boko ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Shi da kansa yakan nuna cewa makarantarsa ita ce makarantar siyasa ta Malam Aminu da ke Sudawa. Mu da muke ta fama da kwas-kwas muna iya ɗaukar wannan a matsayin raha, amma makarantar tana da manhajarta. A can ake koyon yadda mutum zai tsaya a bakin kasuwa ya warware wa mai tura kura yadda kuɗin harajinsa ke tafiya, da Hausar da zai gane, har ya je gida ya maimaita wa matarsa. A can ake koyon sanin unguwa gida-gida, wa ke jin maganar wa, wane mahauci ne in ya juya duk 'yan kwata za su juya. Baba Ƙarami, wanda har gobe ba ya ƙaunar siyasar Sabo, ya yarda cewa in mutumin ya hau rediyo, masu shayi kan ƙara murya, masu wucewa su tsaya. Yana da barkwanci, yana da zafin baki, ba ya kuma jin nauyin kowa.

Sojoji sun riƙe ƙasa daga 1966. A watan Satumba na 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa, hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN ta su Alhaji Shehu Shagari, UPN ta Awolowo, NPP ta Azikiwe, GNPP ta Waziri Ibrahim, sai PRP ta Malam Aminu Kano. Alamar PRP ɗan mabuɗi ne, kirarinta Nasara. NPN kuwa gida da masara, kirarinta Aminci. A zaɓen 1979 kowace jiha cikin jihohi 19 ta aika sanatoci biyar Legas, kuma PRP ta kwashe duka biyar na Kano. Sabo na cikinsu, yana wakiltar Kano ta Tsakiya. Ku tuna fa, Kano ta wancan lokaci ta haɗa da Jigawa ta yau, don sai a 1991 aka raba su. A majalisar dattawa, inda lauyoyi da furofesoshi ke ta gwada Turanci, Sabo bai zauna shiru ba, ana ma lissafa shi cikin waɗanda suka fi kawo ƙudurori.

Yadda gida ya tsage

A waccan shekarar ce PRP ta ci kujerar gwamna a jihohi biyu, Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano. Rimi ɗan ƙasar Sumaila ne, bai kai shekara arba'in ba lokacin da ya hau, ga tsayi, ga ƙwarjini, ga baki a Hausa da Turanci. Yana hawa ya soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi shekaru tana fafutuka a kai. A 1980 ya mayar da ranar 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata tun kafin gwamnatin tarayya ta yi haka. Ya kafa jaridar Triumph, da gidan talabijin na CTV wanda yau ake kira ARTV da sunansa, da hukumar ilimin manya da ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci birni da ƙauye. Baba Ƙarami malamin firamare ne a lokacin, da yamma kuma yana koyar da magidanta a irin waɗannan azuzuwa. In yana ba da labarin yadda dattijo mai furfura ya fara rubuta sunansa da hannunsa, sai ka ga idonsa ya kawo ruwa.

Rigima ta taso ne a 1980. Gwamnoni tara da ba na NPN ba, biyar na UPN, biyu na GNPP, biyu na PRP, suka riƙa yin taro a tsakaninsu. Shugabannin PRP suka hana Rimi da Balarabe zuwa, su kuma suka ƙi hanuwa. A ganin gwamnonin, uwar jam'iyya ta fara sassauta wa NPN, jam'iyyar da suke ɗauka ta masu sarauta da masu kuɗi. A ganin su Malam kuwa, yaran da aka ɗora a kujera sun fara jin sun fi ƙarfin wanda ya ɗora su, suna kuma jan jam'iyya zuwa inuwar Awolowo. Aka kori gwamnonin daga jam'iyya, su ma suka kafa nasu ɓangaren ƙarƙashin tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu. Kanawa, da ba sa rasa sunan da za su laƙa wa abu, suka kira waɗanda suka zame 'yan Santsi, waɗanda suka kafe tare da Malam kuma 'yan Taɓo. FEDECO ta ce ɓangaren Malam ne PRP ta gaskiya. Sabo Bakin Zuwo ɗan Taɓo ne na gaba-gaba, yana cikin masu mayar wa Rimi martani a rediyo da dandalin taro.

Wannan tsagewa ba a Legas ko gidan gwamnati ta tsaya ba, har zaurenmu ta shigo. Kakana baduku ne a kasuwar Kurmi, tsohon ɗan NEPU, a wajensa wanda ya saɓa wa Malam ya ci amana, ko da kuwa zinariya yake rabawa. Baba Ƙarami kuwa ya ce ai abin da Malam ya koyar ne Rimi ke aikatawa, don haka Rimi ne magajin gaskiya. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya. Iya ta ce tun suna musu bayan sallar isha'i suna dariya, har aka kai ranar da kakana ya ce a daina haɗa musu tuwo a kwano ɗaya. Shekara uku tana zuba tuwo kwano biyu, ɗaya a kai zaure, ɗaya a kai ɗakin soro. Ta ce ba ta taɓa jefa ƙuri'a don wani ɗan takara ya burge ta ba, amma ta san zafin siyasa a wanke-wanke.

Shekarar 1981 ta zo da abubuwa masu nauyi. A watan Afrilu Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu biyar, Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse da Auyo, abin da ya rage faɗin ƙasar Sarkin Kano Ado Bayero. Ranar 23 ga Yuni majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. A watan Yuli gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli gari ya kama da wuta, aka ƙona gine-ginen gwamnati, ciki har da gidan rediyon jiha, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Kafin shekarar ta ƙare majalisar dokokin Kano ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk, aka maye gurbinsa da Abdu Dawakin Tofa. Duk wannan fa tsakanin mutanen da shekara biyu kafin nan suke ɗaga hannu ɗaya suna kiran Nasara.

Zaɓen 1983

Ranar 17 ga Afrilu, 1983, Allah ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa, saura wata huɗu zaɓe. Iya ta ce ba ta taɓa ganin taro irin na ranar ba, Gwammaja ta cika ta batse, kakana ya dawo gida babu takalmi a ƙafarsa, bai ma san inda ya yar da su ba. Khalifa Hassan Yusuf ne ya gaji Malam a takarar shugaban ƙasa. A Kano kuwa PRP ta ba Sabo Bakin Zuwo tutar takarar gwamna.

Rimi ba shi da jam'iyya mai rajista da zai tsaya a cikinta, tunda hukumar zaɓe ba ta san da ɓangarensu ba. Sai ya koma NPP ta Azikiwe. Ya kuma yi abin da ba a cika gani ba a siyasarmu: a watan Mayu ya sauka daga kujerar gwamna, bisa hujjar cewa da tutar PRP aka zaɓe shi, ya bar wa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Aka shiga kamfe, ga PRP, ga NPP, ga kuma NPN mai mulkin tarayya tana jiran ta ga ko bango ya tsage sosai ƙadangare ya samu wurin shiga.

In a takarda za a auna, Rimi ya fi. Yana da aikin shekara uku da rabi da zai nuna, yana da matasa da malaman makaranta da 'yan boko. Aka kaɗa ƙuri'ar gwamnoni ranar 13 ga Agusta, mako ɗaya bayan ta shugaban ƙasa. Da sakamako ya fito, Sabo ne ya ci. Kano ce kaɗai jihar da PRP ta samu a wannan zaɓe, don Kaduna ma ta tafi hannun Alhaji Lawal Kaita na NPN.

Me ya kawo haka? Na tambayi Baba Ƙarami, ya gyara zama ya lissafa mini da yatsu. Na farko, mabuɗi. Mutumin ƙauye da ya saba dangwala wa mabuɗi tun 1979 ba zai bar shi ba wata huɗu bayan an binne mai shi, ƙuri'ar ta zama kamar ta'aziyya. Na biyu, jam'iyyar da Rimi ya shiga baƙuwa ce a Kano, 'yan Taɓo kuma ba su gaji da tuna wa mutane hakan ba. Na uku, takardar tuhumar nan, don akwai Bakanon da zai zagi hakimi da safe, amma in an taɓa Sarki ba zai yafe ba. Na huɗu, ya ce an yi musu maguɗi, kuma a kan wannan zai mutu. Zaɓen 1983 dai ya sha zargi a ƙasa baki ɗaya, a Ondo har rayuka aka rasa da gidaje kan sakamakon gwamna. Da na kai wa Iya wannan lissafi, sai ta ce ya manta na biyar: in Rimi ya yi magana mutane kan yi tafi don ya burge su, in Sabo ya yi magana kuwa sai su ji kamar maƙwabcinsu ne ke hira a dakali. Ni dai ban ga wanda ya fi wani gaskiya a cikinsu ba.

Akwai wani abu da zai ba masu son adabi mamaki. Chinua Achebe, marubucin da aka sa mu karanta a sakandare, ɗan PRP ne a lokacin, har ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban jam'iyya na ƙasa. Bayan zaɓe wata zazzafar gardama ta haɗa shi da Sabo, saura ƙiris a ba hammata iska, daga nan Achebe ya bar jam'iyyar ya nisanci siyasar jam'iyyu. Wannan ya nuna muku irin zafin mutumin, ya kuma nuna cewa jam'iyyar da Malam ya haɗa 'yan boko da 'yan kasuwa a cikinta ta kasa riƙe su bayan ransa.

Wata uku a gidan gwamnati

An rantsar da Sabo ranar 1 ga Oktoba, 1983. Cikin abubuwan da ya fara yi akwai rushe masarautun nan da Rimi ya ƙirƙiro, aka mayar da ƙasashensu ƙarƙashin masarautun da suke a da. 'Yan Taɓo suka yi murna, mutanen Gaya da Rano da sauransu da suka fara ganin sarki a garinsu suka haɗiye takaici. Wanda ke bin labarai zai ga kamar jiya aka yi: a 2019 an ƙirƙiro masarautu a Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, a 2024 wata gwamnati ta soke dokar. Wasan da ake bugawa a gabanmu tun kafin a haifi iyayen wasunmu aka fara shi.

Abu na biyu shi ne ya shafe ni. A Jakara akwai gidan silima mai suna Palace, wanda mutanen unguwa suka daɗe suna kuka da shi saboda shaye-shaye da faɗace-faɗacen matasa. Sabo ya rufe shi ya mayar da shi asibiti. Nan ne asibitin haihuwar da ke ɗauke da sunansa a yau. Matan cikin gari nawa suka sauka lafiya a wannan gini cikin shekaru arba'in? Na san dai ni ɗaya ne daga cikin jariran, haka ma jikokin Baba Ƙarami guda biyu. Da na tuna masa, sai ya yi murmushi ya kawar da kai, ya ce ko agogon da ya tsaya yakan yi daidai wani lokaci. Ɗan Santsi ke nan, ko ya tsufa.

Ranar 31 ga Disamba, 1983, aka wayi gari da muryar Birgediya Sani Abacha a rediyo. Sojoji sun kifar da gwamnatin Shagari, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa, aka turo Hamza Abdullahi na sojan sama ya riƙe Kano. Mulkin Sabo ya tsaya a wata uku cif. Aka kama shi tare da sauran 'yan siyasa. Gwamnatin soja ta ba da sanarwar cewa an samu tsabar kuɗi Naira miliyan 3.4 a gidansa, a lokacin da Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka ɗaya daraja. Kotun soja ta musamman ta yanke masa hukuncin da jimillarsa ta kai shekara 300. Masoyansa na cewa kotunan sojan nan ba su ba kowa damar kare kansa yadda ya kamata ba, kuma gaskiya ne cewa ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ƙaurace musu. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ni ɗalibin lissafin kuɗi ne, kuma babu darasin da aka koya mana da ya halatta ajiye irin wannan kuɗi a gida. Mutumin da ya fito daga makarantar Malam Aminu, wanda ya rasu bai bar dukiya ba, bai kamata a same shi da wannan ba. Wannan tabo ne a tarihinsa, kuma asibitin Jakara bai goge shi ba.

Rimi ma bai tsira ba, shi ma sojoji sun ɗaure shi. Jagoran Santsi da gwamnan Taɓo duk suka tsinci kansu a gidan yari, jam'iyyun da aka yi ta faɗa a kansu kuma aka soke su da sanarwa ɗaya. Iya ta ce bayan juyin mulkin da 'yan kwanaki, ta zuba tuwo kwano biyu kamar kullum, sai kakana ya aiko yaro ya ce a juye a kwano ɗaya a kawo zaure. Babu wanda ya ba wani haƙuri. Suka ci, suka wanke hannu, suka kunna rediyo. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi shi ne shekara ukun da aka yi ana gaba a kan mutanen da ko sunan su biyun ba su sani ba.

Sabo ya fito daga kurkuku a zamanin mulkin Janar Babangida, bai kuma daɗe ba, ya rasu a 1989 yana da shekara hamsin da 'yan kai. Rimi ya rayu har 2010, ya yi ministan sadarwa, yana cikin waɗanda suka kafa PDP, amma bai sake zama gwamnan Kano ba.

Mu da dariyarmu

Yanzu bari in dawo zaurenmu na daren bayyana manufa. Mu 'yan Foli mun fi kowa sanin zafin a raina mutum saboda takardarsa. Kowannenmu ya taɓa jin an tambaye shi me ya hana shi shiga jami'a. Mun san yadda ake ajiye mai babbar difloma a bayan mai digiri a wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, ko da kuwa shi ne ya iya kwance injin ya ɗaura. Muna kuka da wannan a kowane taro. Sai ga shi mu ɗin ne muka tashi ɗan'uwanmu daga dandamali saboda kalma ɗaya ta Turanci, da sunan wani mutum da ba mu san komai game da shi ba sai labarin lemo. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wasu.

Ban rubuta wannan don in wanke Sabo Bakin Zuwo ba. Akwai abin tuhuma a tarihinsa, kuma na faɗe shi: kuɗin da aka ce an samu, da yadda ya kashe wani ɓangare na ɗan lokacinsa wajen rushe abin da abokin hamayya ya gina. Da a kan waɗannan muke kama sunansa, da na ce mun yi karatu. Amma mun bar abin da ya kamata a tuhume shi a kai, mun bar abin da ya kamata a gode masa a kai, mun riƙe Fanta. Wanda kuma ya saba auna shugaba da santsin harshe, ranar da ɓarawo mai daɗin Turanci ya zo, da tafi zai karɓe shi.

Zaɓen ƙungiya na tafe a zango mai zuwa, lokacin mu mun tafi. Na ga tun yanzu an fara rabuwa, waɗanda suka yi kamfe tare bara ba sa gaisawa a wajen mai shayi. 'Yan ajin farko, ku da za ku jefa ƙuri'a, in ɗan takara ya hau dandamali ku bar shi ya ƙarasa maganarsa, da Hausa ce ko da Turanci. Ku tambaye shi inda kuɗin ƙungiya na bara suka shiga, da abin da zai yi a kan ruwa, da ranar da zai kawo muku lissafi a rubuce. In kun saɓa da abokinku a kan ɗan takara, ku yi musunku ku gama, amma kada ku raba kwano.

Shi kuma ɗan'uwan da muka yi wa dariya, na neme shi na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Ban gaya masa dalili ba, zai gani a nan. Katin asibitin yana cikin jakata tare da sakamakon jarrabawata.

Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano, ya jiƙan Sabo Bakin Zuwo da Abubakar Rimi da Dokta Bala Muhammad, ya jiƙan kakana, ya yafe musu kurakuransu. Mu kuma Allah ya ba mu sa'ar jarrabawar ƙarshe, amin.